Rangadin Masana'antar Antimata a CERN Ya Cancanci Jira

Cibiyar baƙi ta CERN, wato hukumar Turai ta binciken ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa zarra, da ke gefen birnin Jiniba, wadda aka buɗe a Oktoban 2023 da sunan Science Gateway, ba ta karɓar ko sisi daga mai shiga, illa dai a yi rajista ta intanet kafin a zo, kuma taragu mai lamba 18 yana sauke mutum a bakin ƙofarta. Baje kolin cikinta yana da kyau, musamman ga yara, amma a ganina ribar ziyarar tana cikin rangadin da masanan wurin ke jagoranta zuwa zauren da ake kira Masana'antar Antimata. Antimata kishiyar abubuwan da muka sani ce: in ta haɗu da su, sai dukansu su halaka.

Zauren ba shi da ado, sai tubalan kankare da igiyoyin wuta da tankunan sanyi. Daga kan dandamalin baƙi ana ganin ELENA, zobe mai kewayen mita 30 wanda ke rage gudun antiproton (kishiyar ƙwayar proton) har a iya kama shi. A wannan zaure ne na'urar ALPHA-g, mai gwada ko antimata ƙasa take faɗuwa, take tsaye, kuma bayanin aikinta shi ne abin da ya fi gamsar da ni. Ana haɗa antiproton da positron (kishiyar ƙwayar electron) a sami antihaidirojin, wanda ba shi da cajin lantarki, a tsare ƙwayoyinsa kimanin ɗari a tarkon maganaɗisu domin kada su taɓa bango su halaka, sannan a sassauta tarkon a hankali ta sama da ta ƙasa, a ƙirga ta inda suka fice. Mafi yawansu ta ƙasa suka bi, kamar yadda mujallar Nature ta wallafa a Satumban 2023, abin da ya dace da ka'idar Einstein cewa ƙasa tana jan kowane abu iri ɗaya.

Jagoranmu bai yi ƙari ba, kuma na yaba masa matuƙa. Ya faɗa fili cewa awon bai kai ga tantance ko saurin faɗuwar antimata daidai yake da na sauran abubuwa ba, don haka gwaje-gwajen GBAR da AEgIS ke bin tambayar ta wasu hanyoyi.

Ana yin bayanin da Turanci ko Faransanci, kujeru kaɗan ne, kuma ba kowane rangadi ne ke zuwa wannan zaure ba. Wanda ya zo dominsa ya yi sammako, ya tambayi inda za a kai shi kafin ya sa sunansa.