Akanta ko ɗan canji? Ga mai bashin dala a Chana

Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka tambaya wa za ka nema, akanta ko ɗan canji, kan bashin kayan da ka ɗauko a wani kamfani a Chana. Tunda kamfanin ya ba ka kwana 90 ka biya da dala, kai kuma da naira kake sayarwa a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, akanta za ka ɗauka. Ɗan canji ka neme shi ranar da za ka sayi dala.

Mutanen Wapa, matattarar 'yan canji a Kano, sun fi kowa sanin farashin yau, wannan ba na musu. Sai dai abincinsu yana cikin saye da sayarwa ne, dala ta hau ko ta sauka. Ka tambayi ɗan canji shawara, zai ce saya, gobe za ta ƙara.

Akantan da nake aiki da shi, Allah Ya saka masa da alheri. Bayan Babban Banki ya saki naira, wato ya bar kasuwa ta yanke farashinta, ranar 14 ga Yunin 2023, dala a banki ta tashi daga wajen 460 ta haura 700, ya zo shago da kansa. Ya zauna kan dilar atamfa, ya ce a kawo masa duk takardun kamfani. Ya jera kowane bashi da ranar biyansa, gefe guda kuma ya rubuta abin da zan biya in dala ta ƙaru da ɗari biyu, da ɗari biyar. Ya ce duk mako in cire kason bashin daga ciniki in mai da shi dala a asusun banki, kada in tara naira ina jiran ranar biya. Farashin kaya ma ya ce in sa shi bisa abin da zan kashe in sake sayo irinsa, har da kuɗin kwastam, tunda shi ma da farashin dala ake lissafa shi.

Da dala ta haura 1,800 a kasuwar bayan fage a Fabrairun 2024, dalar biyan mafi yawan bashina tana ajiye. Ya kuma hana ni sayen ko dala ɗaya sama da bashin. Zuwa Afrilu ta dawo ƙasa da 1,300, waɗanda tsoro ya sa suka loda suka ji a jikinsu.

Amma fa ba kowane akanta ba. Da yawa haraji da albashi kawai suka iya. Nemi ɗan ƙungiyar ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, wanda ya taɓa riƙe littafin masu shigo da kaya, ka karɓi lambarsa ta ƙungiya ka bincika. In ya ce ya san inda dala za ta kai, sallame shi. MTN da duk manyan akantocinsu sai da faɗuwar naira ta ja musu asarar kusan naira biliyan 740 a 2023. Aikin akanta shi ne ya nuna maka girman ramin tun da wuri.

Ka yi hattara da masu cewa kawo kuɗin su juya maka, da masu tallan dala mai araha a WhatsApp, alat na bogi ya yi yawa. A Maris na 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, don haka takardar da wani ya manna a bango ba hujja ba ce. Akanta ya riƙe littafi, kuɗi kuma kada su bar hannunka sai ka ga dala a asusunka.