Kafin ka sayi mota a Damagaram: wacce ake ba hanya, wacce ake matsewa

Shekara shida na yi ina tuƙa Starlet a garin nan, kuma da wuya ranar Alhamis ta zo in bi ta bakin Kasuwar Dole ban koma gida da ɓacin rai ba. Ɗan kabu-kabu ya shigo ta damarka, mai adaidaita ya sako hanci ta hagu, mai amalanken ruwa ya tsaya da jarkokinsa a tsakiyar kwalta yana kallonka kamar kai ka tarar da shi a gidansa. Ka danna kilakson, ko waiwaye ba ya yi. Wata Alhamis na bi bayan wata farar V8 mai baƙin gilashi a daidai wurin nan. Direbanta bai taɓa kilakson ko sau ɗaya ba, amma hanya tana buɗewa a gabansa, da ya wuce kuma ta rufe a gabana.

Shi ya sa idan ƙane ko abokin aiki ya zo neman shawarar sayen mota, ya fara da tambayoyin nan biyu da kowa ke yi, shan mai da samuwar kayan gyara, nakan ƙara masa ta uku: yaya mutanen hanya za su ɗauke ka idan kana cikinta? Masu babur, direbobin manyan motoci, jandarman shinge, har yaron da ke tsaron motoci a ƙofar kasuwa, duk motar suke fara dubawa, daga nan su yanke yadda za su yi da kai.

Mu fara da manya, tunda su ne mafarkin kowa. Land Cruiser V8, wadda Toyota ta ƙera daga 2007 zuwa 2021, da ƙanwarta Prado, su ake ba hanya, babu gardama. Mutane suna ɗauka mai sarauta ne a ciki, ko babban ma'aikacin gwamnati, ko wani alhajin da ba a son shiga rigima da shi. Sai dai girman nan da kuɗi ake biyansa kullum. Mai faci da zai karɓi dala ɗari a hannun mai Starlet, kai jika zai ce maka, yana murmushi yana "ranka ya daɗe". A garaji kuɗin aiki ya ninka tun ba a buɗe gaban motar ba. Dangi kuwa sun gama yi maka lissafi. Akwai kuma abin da ya fi damuna: wanda ya saba ana kauce masa yakan saba da gudu, alhali akuyar da ke tsallaka hanyar Mirya da yaron da ya biyo ta ba su san V8 ba. Idan albashi kake ci, ka bar wa masu ita.

Hilux daban ce. A hanyar Tanut zuwa Agadas ita ce sarauniya, kuma idan fara ce ana ɗauka ta wani proje ce, sai a kauce mata. Amma ita ma ido na kanta. Tun bayan dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure, lokacin da aka kama Hilux masu yawa a Agadas, jami'an shinge suka saba duban bayanta da kyau, kuma soke dokar a Nuwamban 2023 bai canza wannan sabon ba. A unguwa kuwa ka zama motar gari: kujerun biki, buhunan gero lokacin kaka, ragon layya. In kana da gona ko kasuwanci a ƙauye, saye ta. In ofis da gida ne kawai, wahala ka sayo.

Tsohuwar Marsandi ana gaishe ta da girma, amma ranar da ta kwanta za ka jira kaya daga Kano ko Yamai. Ban ba ka shawara ba.

Corolla ba zan zage ta ba. Wadda aka yi tsakanin 2003 da 2008, mai inji 1.8, mota ce mai haƙuri, babu makaniken da bai san cikinta ba, kayanta kuma har a shagon lungu akwai. Laifinta ɗaya, ba ta da kwarjini. A cikin gari ana tare ka ana zaton taksi ce. A babbar hanya kuma, tsakanin Takeita da Tasawa, idan bas ɗin Yamai ya taho ko tankar man da ta ɗauko daga matatar SORAZ, kai za ka sauka gefen kwalta, domin direban ya riga ya auna ka ya ga ba za ka yi musu ba. Da dare ba sa ma rage maka fitila. Ga ta kusa da ƙasa, tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce santimita 15 ba, yashin cikin unguwa da ramukan damina suna shafar ta.

Ni dai RAV4 na zaɓa, ƙirar 2006 zuwa 2012, kuma shekara huɗu ke nan ban yi da-na-sani ba. Tana tsakiya ne, kuma tsakiyar nan ita ce amfaninta a garin nan. Tsayinta ya isa mai adaidaita ya yi tunani kafin ya sako maka hanci, domin fuskarka tana daidai da tasa, kuna haɗa ido. Wannan haɗa idon ba ƙaramin abu ba ne. A Starlet ina ƙasa, mai babur rufin motar kawai yake gani. Yanzu ina ɗaga masa hannu ya gani, ya dakata. A shatale-tale ba na roƙon hanya kamar da. A babbar hanya kuma manyan motoci suna hango ta daga nesa, suna ɗan koma wa hannunsu. Duk da haka ba ta kai girman da za a ce ga mai kuɗi ya zo ba. A shinge "Malam, takardu" ake ce mini, in nuna, in wuce. Mai faci kuɗin kowa yake karɓa a hannuna.

Cikinta yana sama da ƙasa da kusan santimita 19, wanda ya ishe ka lungunan Birni da Zango, ya ishe ka hanyar Magarya da damina. Ba motar sahara ba ce, kar wani ya ruɗe ka ka nufi Tenere da ita. Wajen inji ka kula: mai 2.4 na shekarun farko an san shi da shan baƙin mai idan ya tsufa, don haka in da hali ka nemi mai 2.5, wanda ya fara zuwa a ƙirar Amurka daga 2009. Mai V6 akwai ƙarfi, amma ka tuna zamanin ruwa-ruwa mai arha, wato man da ake shigowa da shi daga Najeriya a sayar a bakin hanya, ya wuce tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023. Ko da aka rage kuɗin lita zuwa sefa 499 a Yulin 2024, wanda ya kwana a layin gidan mai a watan Maris na 2025 ya san darajar motar da ba ta da haɗama. Launi ma ka duba. Fara ko ruwan toka mai haske ta fi jure ranar watan Afrilu, kuma an fi ganinta da magariba. Baƙin gilashi kuwa, in ba ka da izininsa, tsayawa kawai zai jawo maka a kowane shinge.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci, domin ita ta ƙone ni. Tsakanin Starlet da RAV4 na sayi wata Camry a hannun wani dillali. Tana sheƙi, cikinta na ƙamshin turare, yana ta "Wallahi Alhaji, mace ce ta tuƙa ta a Amurka, ko kwalta mai rami ba ta sani ba." Wata uku, gilashin ƙofa ya daina hawa. Bayan sati biyu fitilu suka fara kunna kansu da dare. Da makanikena ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga busasshen laka a ƙarƙashi, ƙarafan kujera sun yi tsatsa, kawunan wayoyin wuta sun yi kore. Ambaliya ce ta cinye ta a can, aka wanke, aka loda a jirgi. Turaren nan na ɓoye warin ruma ne. Na sayar da ita da asarar da har yau matata ba ta son a tayar da zancen.

Don haka kar ka je ganin mota da yamma, kuma kar ka je kai kaɗai. Ka tafi da makanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka ɗaga shimfiɗa, ka leƙa ƙarƙashin kujera da tocila, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai tabon ruwa, ka ciro tayar ajiya ka duba ramin. Ka ce a bar injin ya kwana a sanyaye, kai za ka tayar da safe. Mai zuba baƙin mai mai kauri don ɓoye hayaƙi ba ya son wannan sharaɗin. Idan ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun gaban direba duka su kama, har da ta jakar iska da ta inji, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, ƙila cire ta aka yi. Agogon kilomita kuwa kar ka yarda da shi, juya shi ake yi. Ka dubi robar birki da sitiyari da gefen kujerar direba, su ba sa ƙarya. Ka sa a leƙa bututun hayaƙi ma, domin ana yanke tukunyar tace hayaƙin nan mai tsada a sayar, a liƙa bututu fanko.

Lambar shasi harufa da lambobi 17 ce, kuma babu I ko O ko Q a cikinta. A motocin Amurka, na goma shi ke faɗin shekara: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Dillalai na canza fitilu da bamba su ce maka 'yar 2012 ce, ka ƙirga da yatsa ka ga 7, wato 2007. Ka gwada lambar da ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da ta takardun duwan da ta kart-giriz, wato takardar rajistar mota, harafi bayan harafi. In ɗaya ta saɓa, ko ka ga alamar walda da sabon fenti kewaye da wurin, ka juya ka tafi ko nawa aka rage maka.

Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, motocin da muka saba kira 'yan Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗinsu ya hau, sai ido ya koma Kano, da yake naira ta faɗi. Ana samun mota mai kyau a can, ban musa ba. Amma takardar izinin shigowa ta ɗan lokaci da ake ba mota a iyakar Ɗan Barto ba ita ce biyan duwan ba. Wani maƙwabcina ya yarda da "takardu na nan tafe", ya biya duka, motar ta yi wata biyar a tsare. Kar ka ba da cikon kuɗi sai kun je ofishin duwan tare da mai motar, an duba lambar shasin a gabanka, an tabbatar maka an biya. In ya ce yau ba shi da lokaci, ka ce masa kai ma kuɗin suna banki sai ranar da ya samu.