Cajar motar lantarki a gidan Zariya: amp 10, 16 ko 32?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hirar motar lantarki ta shigo majalisun Samaru da Sabon Gari. Yawancin masu tambaya a kan batir suke tsayawa: kilomita nawa zai kai ni, zan je Kano in dawo? Ba a cika tambayar ta ina wutar za ta bi ta shiga motar ba. Wuraren cajin sola da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta fara kafawa a 2021 suna jami'o'in Sakkwato da Legas da Nsukka ne. Mazaunin Zariya ya sa a ransa cewa gidansa ne gidan mansa, kuma cajar da zai kafa a bango ta cancanci tunani kamar motar kanta.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar gidajenmu bolt 230 ce a layi ɗaya. Ka ninka bolt da amp, ka samu ƙarfin da ke shiga motar. Amp 10 kilowat 2.3 ne, amp 16 kilowat 3.7, amp 32 kuwa kilowat 7.4. Jan kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya shi ne yunit ɗaya a mita. Mota matsakaiciya tana shan yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, wato zuwa Kaduna daga nan, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, yunit 13 ko 14 ke nan.

Zaɓi na farko, na amp 10, shi ne igiyar cajin da ke zuwa a but ɗin mota, wadda ake sokawa a soket mai baki uku irin na firij. Kyauta ce, kuma ga malamin da tafiyarsa ba ta wuce Samaru zuwa Kongo ko Shika ba, tana iya isa. Matsalarta biyu. Ta farko jinkiri: Hyundai Kona ɗin da kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas a 2020 batirinta yunit 64 ne, cika shi daga ƙasa da wannan igiya zai ci awa 28 ko fiye, na wutar da ba ta ɗauke ba. Ta biyu ita ce ta fi damuna. Soket ɗin bango an rubuta masa amp 13, amma ba a yi shi don ya ɗauki nauyi dare guda cur ba. Dutsen guga yana ja yana saki, mota kuwa ja take yi ba hutawa. Na ga haka da idona a gidan wani yayana. Ya jona motar a soket ɗin gareji ta hanyar doguwar wayar ƙari, da asuba ya ji ƙaurin roba. Da na je na tarar bakin fulogin ya yi baƙi ya narke. Na ce, "Yaya, wannan Allah ne ya tsare." Ya ce shi dai ya ga fitilar caja tana kore, ya ɗauka lafiya. Fitilar ba ta san abin da ke faruwa cikin bango ba.

Zaɓi na biyu soket ɗin masana'antu ne, shuɗin nan mai zagaye, na amp 16, da wayarsa ta kansa tun daga akwatin rarraba wuta. Kuɗinsa kaɗan ne, bakinsa yana riƙe fulogi gam, kuma awa shida na wuta suna ba ka kusan yunit 22, tafiyar da ta haura kilomita 120. Mutane da yawa a nan ya kamata su tsaya, in har layin unguwarsu na samun wuta sosai.

To me ya sa mutum zai nemi amp 32? A Ingila ko Jamus dalilin shi ne gaggawa. A Zariya dalilin ƙarancin wuta ne. In an kawo ta sha biyun dare an ɗauke ƙarfe huɗu, awa huɗun nan su ne rabonka. Ƙaramar igiya za ta tara maka yunit 9. Cajar bango mai amp 32 za ta tara kusan 29, zuwa Kaduna da dawowa. Wanda ke layin Band A, da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, bai matsu da babbar caja ba kamar wanda ke layin da wuta ke leƙowa ta koma. Na Band A ɗin kuma shi ke biyan tsada, tun Afrilun 2024 yunit ɗinsa ya haura naira 200, amma ko a haka kilomita 100 ba ta kai naira 4,000 ba. Ka gwada da lita takwas ta fetur a farashin yau.

Sai dai amp 32 nauyi ne babba a gidan da aka yi wa wayarin don fanka da talabijin. Kafin ka biya kuɗin caja, a duba hanyar wutar tun daga fol ɗin titi. Wayar da ta sauko zuwa mita, in siririyar alminiyam ce da aka yi wa ɗaurin gaggawa, a nan za a fara samun zafi. Mita kanta akwai iyakar amp a rubuce a fuskarta, a karanta, a haɗa da abin da na'urar sanyaya ɗaki da hita da injin rijiyar burtsatse ke ja. Daga akwatin rarraba wuta zuwa caja ana son wayar jan ƙarfe zalla mai kauri sikwaya milimita 6, in nisan ya yi yawa ko za a binne ta a bango mai shan rana a koma sikwaya milimita 10, da bireka, wato makunnin da ke yanke wuta in nauyi ya yi yawa, mai amp 40 nata ita kaɗai. A nan kar ka yi ciniki da ido rufe. Akwai wayar da alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe, a kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana a ajiye ta. Sannan na'urar da ke yanke wuta in ta fara zuba ta jikin mota ko jikin mutum, a tabbatar irin wadda ke gane zubar wutar batir ce, ko dai a cikin cajar ko a akwati. Mai aikin ya kasance yana da shaidar NEMSA, hukumar da ke kula da ingancin aikin lantarki, kuma a sanar da Kaduna Electric ƙarin nauyin, domin taransifomar ba taka ba ce kai kaɗai. Da magariba, lokacin da kowane gida ya kunna kayansa, janka na kilowat 7 maƙwabta za su gan shi a ƙwan fitilarsu.

Wannan ya kawo mu kan wutar da ke zuwa ba ƙarfi. In bolt ya sauka zuwa 180, amp 32 ɗinka kilowat 5.8 kawai zai bayar, cajoji da dama ma tsayawa suke yi. Shi ya sa shawarata ita ce a yi wayarin na amp 32, amma a sayi cajar da ake iya rage mata ja, daga 32 zuwa 16, 10, har 6. Da tsakar dare ka buɗe ta, da yamma ka rage. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko tana ci gaba da kanta in wuta ta ɗauke ta dawo. Wadda sai an danna mata maɓalli ko an taɓa waya ba ta dace da mu ba, za ka wayi gari batir yana inda ka bar shi.

Ragewar nan ita ce kuma ke ba mai sola dama. Inbata mai kVA 5 ba za ta ɗauki kilowat 7.4 ba, amma amp 6 zuwa 10 da rana tsaka, faifan sola suna bayarwa kai tsaye, abu ne mai yiwuwa. Cajin mota daga batirin gida da dare kuwa zuba ruwa ne daga buta zuwa randa. Janareta a bar shi don ranar larura.

Masu kilowat 11 da 22 sai gidan da ke da layi uku, kuma sai motar ta yarda. Cajar ainihi a cikin mota take, ta bango ƙofa ce kawai. Kona ɗin nan kilowat 7.2 take karɓa, tsofaffin Nissan Leaf 3.3 ko 6.6. Ka kafa mata ta 22, ba za ta ƙara ko yunit ɗaya ba.

Ka leƙa bakin cajin motarka kafin ka yi oda. Ta Turai Type 2 ce, tokunbo daga Amurka galibi Type 1, wadda aka ƙera don kasuwar Sin kuwa, kamar motocin BYD da yawa da ake shigowa da su, GB/T. Akwai mahaɗin da ke sauya baki, amma a amp 32 kowane mahaɗi wurin zafi ne, gara igiyar da ta dace tun farko. Igiyar da ta zo da motar Amurka kuma a karanta jikinta, wasu bolt 120 kaɗai suke ɗauka.

Saura ƙasa da sama. Caja ba ta aiki daidai sai da wayar ƙasa mai kyau, ga shi ƙasarmu tana bushewa ƙamas daga hunturu zuwa bazara, sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don wayar, wadda ta yi kyau a watan Agusta, tana iya kasawa a Maris. A kafa ta da zurfi, a auna ta da na'ura, a rani za a auna. Tsawar farkon damina kuma tana bin waya, don haka a sa na'urar tare tsawa a akwati, a kafa cajar a inuwa ƙarƙashin rumfa, nesa da feshin ruwa da ƙurar hunturu.

Ranar da aka gama aiki kar ka sallami mai wayarin da wuri. A jona motar a amp 32 yana tsaye, a bar ta awa ɗaya, sannan ya bi bireka da mahaɗai da wajen mita ya duba zafinsu. Ɗumi ba laifi. In wani wuri ya yi zafin da hannu ba zai zauna a kan murfinsa ba, a kashe, a sake ɗaure shi. Bayan wata guda ya dawo ya ƙara matse su, domin zafi da sanyi suna sassauta kusoshin.