Littafin tarihin sarkin Khawarizm: ya yi daɗi, amma an cinye mini tsakiyarsa

Kwana uku na yi ina bin littafin nan na tarihin Sultan Ala'uddin Muhammad, sarkin Khawarizm da ke tsakiyar Asiya, har tuwona yana hucewa a gabana. Marubucin ya iya jan zaren labari. Ya ɗauko shi tun hawansa karaga a 1200, da yadda Samarƙand ta dawo hannunsa, da yaƙin da ya ɗaura a 1217 zai taka Bagadaza don ya yaƙi Halifa Nasir, dusar ƙanƙara ta tare shi a duwatsu ta halaka masa dawakai da mayaƙa. Inda ya fi kama ni shi ne zamansa da mahaifiyarsa Turkan Khatun, wadda manyan sojojinsa danginta ne, maganarta suke ji fiye da tasa. A nan na ce kuɗina bai tafi a banza ba.

To sai na iso 1218. Ayarin fataken da Cingis Khan, sarkin Mongol, ya aiko ya sauka a Otrar, gwamnan garin, Inalcuk, ɗan'uwan uwar sarki, ya ce 'yan leƙen asiri ne. Gabana na faɗuwa na juya shafi, sai ga sarki kwance a tsibiri yana jinya! Shafi talatin da biyu babu su, an sake ɗinka na baya a gurbinsu. Kisan fataken, da kisan jakadan da ya zo neman a miƙa gwamna, da faɗuwar Bukhara da Samarƙand a 1220, da farautar da kwamandojin Cingis Khan, Jebe da Subutai, suka yi wa sarki, duk ba ko layi ɗaya. Don wannan wurin fa na sayi littafin.

Na koma shago na ce, "Alhaji, don Allah duba mini." Muka buɗe guda huɗu, duk haka suke. Ya ce haka suka zo masa, kuɗi kuwa ba ya dawowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, sai ma na tuna ko taswira ɗaya babu, ga sunan Otrar an rubuta shi iri uku.

Babin ƙarshe dai ya sa ni ƙwalla: mai mulki daga Turkistan har Iran ya cika a tsibirin Tekun Kaspiya, bayan ya damƙa wa ɗansa Jalaluddin abin da ya rage. Duk da haka ba zan ce wa kowa ya saya ba sai an sake bugu. Nawa yana nan cikin leda da rasidinsa.