Baƙin mai 20W-50 a bazarar Maraɗi: yana jure zafi, amma ba ya sanyaya inji

Babur ɗina 125 ne irin na ƴan kabu-kabu. Ba shi da lagireto, iska ce kawai ke bi ta haƙarƙarin injin tana kwashe zafi, sai kuma baƙin man da ke ciki, wanda bai wuce lita ɗaya ba. Tun farkon Maris na bar mai lamba 10W-40 na koma 20W-50 mai hatimi, wanda ya fi shi kauri, kuma da shi na cinye bazarar bana, tsakanin zirga-zirgar cikin gari da hanyar Madarunfa da Ɗan Isa.

Bakaniken da ke yi mini juye, dattijo ne da ya san aikinsa, cewa ya yi, "Alhaji, zuba mai kauri, shi ke sanyaya inji." Na ce, "To Baba, a zuba mu gani." Man ya yi mini, amma ba don dalilin da ya faɗa ba.

Zafin da ke bugun ƙafata bai ragu ba ko kaɗan. In na shiga cunkoson babbar kasuwa da azahar a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, injin yana turiri kamar yadda ya saba. Haka kuma ya kamata a ce ya kasance. Mai kauri ba ya zagayawa da sauri, ga shi ƙarafuna suna shan wahalar ratsa shi, wannan wahalar kuwa zafi take komawa. Mai ruwa-ruwa ya fi shi saurin ɗauko zafi daga kan fistan ya sauko da shi ƙasa. Saboda haka in sanyi kawai ake nema, mai kauri ba shi ne magani ba, wani lokaci ma yakan ɗan ƙara.

Amfaninsa a wani wuri yake. Kowane mai yana tsinkewa in ya ji wuta, kamar man gyaɗa a kasko. Lambar nan ta bayan W tana nuna kaurin da zai rage masa a digiri 100: a ma'aunin kaurin baƙin mai na SAE, mai lamba 40 yana tsakanin 12.5 da 16.3, mai 50 kuwa daga 16.3 zuwa 21.9. Injin da iska ke sanyayawa yana iya wuce digiri 100 cikin sauƙi in yana tsaye ko yana jan kaya a yashi, kuma a nan ne ɗan bambancin yake hana ƙarfe gogar ƙarfe. Da 10W-40, in na yi tafiya mai nisa sai in ji ƙarar kas-kas daga saman injin, giya ta yi tauri, man kuma ya ragu a sandar awo. Da 20W-50 ƙarar ta lafa, giya tana shiga lafiya lau ko da injin ya ɗau zafi, kuma ban yi ciko ba kafin lokacin juye. Injina ya ɗan tsufa, na tabbata hakan ya sa na fi jin bambancin.

Aibinsa biyu ne. Da asuba babur yana nauyin tashi, sai na bar shi ya ɗan yi ɗumi. Yana kuma ɗan ƙara shan fetur, abin da ɗan kabu-kabu zai fi ni ji a aljihu.

A duba alamar JASO MA, wadda ke nuna man ya dace da kulocin babur, a jikin gwangwanin kafin a biya. Kulocin irin baburanmu a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota kuwa suna da sinadarin santsi da ke sa shi zamewa. Man awo na bakin titi, wanda babu lamba babu hatimi, shi kam ban san me zan ce a kansa ba, tun da ko mai sayarwar bai san kaurinsa ba.

Wanda babur ɗinsa sabo ne ya bi abin da littafin kamfani ya ce. Ni dai zan riƙe 20W-50 har ƙarshen damina, in hunturu ya kama in koma 10W-40. Abin da na ga ya rage zafi da gaske kuwa shi ne wanke ƙura da laka daga haƙarƙarin injin, da kashe shi in zan daɗe a tsaye.