Ɗakin tazarar haihuwa na asibitin unguwarmu: aiki mai kyau, amma ba kowa ake buɗe wa ƙofa ba

In ke matar aure ce, kuma maigidanki ya san da zuwanki, to ki je ɗakin tazarar haihuwa na asibitin sha-ka-tafi da ke kusa da ke, kada ki tsaya kashe kuɗi a asibitin kuɗi. Na unguwarmu a nan Kano nake nufi musamman, ko da yake ba zan kama sunansa ba, domin akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba su da daɗin ji. In kuwa ba ki cika sharuɗɗan nan biyu ba, wato aure da sanin miji, to ki karanta har ƙasa kafin ki ɗauki mayafi.

Ni malamar makarantar sakandaren 'yan mata ce, ina koyar da ilimin halittu, 'ya'yana huɗu. Bayan haihuwar autana jinina ya hau, likita ya ce in huta, Abbansu kuma bai yi musu ba. Abin da ya kai ni ke nan.

Ɗakin yana can ƙarshen baranda, jikin ɗakin rigakafin yara. Wanda ya tsara hakan, ko da gangan ko a bisa dace, ya taimaki mata ƙwarai, domin da yawa katin rigakafin jariri suke riƙowa a hannu, duk wadda ta gan su a hanya ta ɗauka allurar yaro aka zo yi. Sai dai sirrin a bakin ƙofa yake ƙarewa. Babu ƙyaure, labule ne kawai, shi ma guntu, kuma bencin jira yana manne da shi. Duk tambayar da sista ta yi miki, yaushe rabonki da al'ada, haihuwa nawa, ɓari nawa, sau nawa maigida yake zuwa ɗakinki, na kan benci suna ji tas. Na fito na haɗa ido da wata maƙwabciyar surukata, muka gaisa kamar a gidan suna muka haɗu, kowa ta riƙe na cikinta.

Sistar da ta duba ni dattijuwa ce, kuma ita ce dalilin da ya sa nake yabon wurin. Ba ta zaɓa mini ba. Ta jawo wani faranti na silba ta jera mini komai a gabana: ƙwayoyin da ake sha kullum, allurar wata uku ta Depo-Provera, ƙaramar allurar Sayana Press wadda ake iya koya wa mace ta riƙa yi wa kanta a gida, robar mahaifa mai ɗaukar shekara goma, sai ashanar hannu iri biyu, Implanon mai sili ɗaya ta shekara uku da Jadelle mai sili biyu ta shekara biyar. Ta auna jinina, ta ce, "Hajiya, da wannan hawan jinin naki ki manta da ƙwayar nan mai sinadari biyu." Ta tura ni gwajin fitsari don a tabbatar babu ciki. Na zaɓi ta shekara uku. Ta sa na kwanta na ɗaga hannun hagu, ta goge cikin damtsen da auduga, ta yi allurar kashe zafi, wadda ita ce ma ta fi komai zafi a aikin, sannan ta tura silin ƙarƙashin fata. Kafin ta naɗe da bandeji ta kama yatsana ta ɗora a wurin. "Taɓa ki ji da kanki, ga ta nan. Ba ta yawo zuwa zuciya kamar yadda ake faɗa muku a gidan biki." Wurin ya yi ɗan baƙi na wasu kwanaki, ya washe.

Kuɗi fa? Tun shekarar 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta da na jihohi, kuma gaskiya ba a karɓi ko sisi a kan ashanar kanta ba. Amma an karɓi na kati, na gwajin fitsari, da na safar hannu da auduga, babu rasit ko ɗaya. A wurin mai albashi ba wani abu ba ne. Na dai ga wadda ta kwance bakin zani ta ƙirga, bai kai ba, ta ce za ta dawo. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne yankewar kaya. Mace ta zo ranar da aka rubuta mata a kati, a ce allura ta ƙare, a dawo wani satin. Ita kuwa wannan mai ranar girki ce a daren nan.

Sista ta gargaɗe ni cewa al'ada za ta rikice, kuma ta rikice ɗin. Watannin farko ɗigo ne yau da gobe, ba yawa, amma ya hana sakat. Tambayar da ta fi damuna ba ta asibiti ba ce, ta salla ce: wanne ne haila, wanne ne jinin ciwo? Sista ta ce wannan ba fanninta ba ne. Malamarmu ta Islamiyya ce ta warware mini, cewa a Malikiyya haila ba ta wuce kwana goma sha biyar, kuma mai al'ada sananniya tana da lissafinta na daban. Ina ganin da za a zaunar da malama guda a barandar nan ko sau ɗaya a mako, da an rage matan da suke zuwa a cire musu ashana tun ba ta yi rabin shekara ba.

Yanzu ga inda na rage musu maki. Akwai wata ma'aikaciya matashiya da ke rubuta suna, tambayarta ta farko ita ce, "Ina mijinki? Ya sani?" Ba ta da wata takarda a hannu da ta ce sai da sa hannun miji, ra'ayinta ne ta mayar doka. A gabana ta sallami wata yarinya da ba za ta wuce shekara ashirin ba, ta zo cikin niƙabi, ta kasa amsa tambayar. Har da bin ta da "Allah ya shirya" da ƙarfi don benci ya ji. Yarinyar ta fita, ta tsallaka titi. Abin da ke tsallaken titin kuwa kemis ne, inda yaron shago ba ya tambayar kowa mijinta.

Na kuma ga ɗaya ɓangaren. Wata mai goyo, jaririn bai fara zama ba, ta zo a sa mata roba, gwaji ya nuna ta riga ta yi kwanika. Ta zauna a ƙasa tana kuka, tana cewa wancan ma tiyata aka yi mata. Dattijuwar sista ta dafa ta ta ce, "Sai haƙuri 'yata, ki fara zuwa awo, za mu tura ki babban asibiti su riƙa lura da ke." Iyakar abin da za ta iya ke nan. Sashe na 232 na kundin dokokin laifuka na Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga duk wanda ya zubar da ciki, sai fa in an yi ne don ceton ran uwar. A Kudu ma haka ne a ƙarƙashin nasu kundin, har ita matar da ta zubar da kanta tana iya shan shekara bakwai. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin da ke nuna wa likitoci lokacin da doka ta yarda a raba mace da ciki, amma ko Legas da ta fitar da nata a 2022 ba ta yi wata guda cikakke ba ta dakatar da su saboda surutu.

Da na ba da labarin nan a gida, wan mijina yana nan. Shi mutum ne mai karatu, kuma ba ya son zancen tazarar haihuwa gaba ɗaya. Ya ce, "Ai tsoron ciki ne ya rage wa yaran yanzu. Ranar da aka sassauta dokar nan, ko aka bar 'yan mata suna karɓar allura, shi ke nan an buɗe ƙofar fasiƙanci. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Na ce, "Yaya, maganarka ba ta rasa tushe ba." Kuma da gaske nake. Wasu masana biyu a Amurka, Jonathan Klick da Thomas Stratmann, sun wallafa bincike a 2003 inda suka bi alƙaluman ciwon sanyi da tunjere kafin da bayan halatta zubar da ciki a can a farkon shekarun 1970, suka ga cututtukan sun ƙaru, suka fassara hakan da cewa mutane sun rage taka tsantsan. Duk wanda ya ce doka ba ta taɓa halayyar mutane ko kaɗan, bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai akwai sauran labarin. A Romaniya, shugaba Ceausescu ya haramta zubar da ciki a 1966, ya kuma toshe hanyoyin samun magungunan hana ɗaukarsa. A shekarar da ta biyo baya haihuwa ta kusa ninkawa, sannan ta riƙa sauka a hankali, domin mata sun gano hanyoyin bayan fage. Dubban mata suka mutu a hakan, gidajen marayu suka cika, har aka soke dokar a Disamban 1989 bayan faɗuwarsa. Mu ma nan ba sai mun je nesa ba. Cibiyar Guttmacher ta Amurka, mai bincike kan lafiyar haihuwa, ta ƙiyasta cewa a 2012 kaɗai an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a Najeriya, tare da wannan doka mai tsauri, kuma mata kusan 212,000 ne aka yi wa jinyar illar da ta biyo baya a asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna kashi 12 cikin ɗari ne kacal na matan aure ke amfani da hanyar zamani ta tazarar haihuwa. In tsoron doka ne ke riƙe mutane, to daga ina miliyan ɗin nan ta fito?

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina kiran a yi irin na Jamhuriyar Benin ba ne, wadda a 2021 ta faɗaɗa dokarta har zuwa mako goma sha biyu. Ni a kan Malikiyya na tashi, kuma mash'hurin zance a mazhabar shi ne ba a taɓa ciki ko bai kai kwana arba'in ba, balle bayan an hura rai a kwana ɗari da ashirin. Amma addinin da ya tsananta a nan shi ne ya kawo hadisin Jabir cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani yana sauka, shi ne kuma ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. Abin da na gaya wa Yaya shi ne ya zo ya zauna a bencin nan na safiya guda. Zai ga mafi yawansu matan aure ne masu goyo a baya da wani a hannu, waɗanda ba su da ta cewa a kan yaushe miji zai zo. Irin wannan matar ba ta taɓa tunanin sashe na 232 da daddare ba, mijinta ma bai san da shi ba. Dokar ba ta shiga ɗakinsu, sai dai ta tare ta da safe a bakin asibiti. Ita kuwa mai niƙabin nan, korar da aka yi mata ba ta mayar da ita budurwa ba, wanda kuma ya jawo mata zuwan ba wanda ya tambaye shi ina matarsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A makarantarmu mun taɓa rasa ɗaliba a hutun ƙarshen shekara, aka ce zazzaɓi ne, amma ƙawayenta sun san abin da ta sha da wanda ya sayo mata.

Wani abu da ya kamata mata su sani, wanda ba a rubuta a bango ba: jinyar ɓari ba laifi ba ce a doka, ko da kansa ya zube ko wani abu aka sha. Mace na zubar da jini, aikin ma'aikacin lafiya ne ya tsayar da shi. A asibitin nan ba sa wankin ciki, suna dai sa ruwa su rubuta takarda zuwa babban asibiti, kuma babu motar ɗaukar marasa lafiya, sai dangi su tare a-daidaita-sahu. Dattijuwar sista ta ce mini abin da take roƙo kawai a gaya mata gaskiyar abin da aka sha da lokacin da aka sha, don ta san me za ta rubuta wa likita. Ta ce masu mutuwa su ne waɗanda ake ɓoyewa a ɗaki ana ba su jiƙe-jiƙe har jiki ya fara wari. Ko matashiyar mai rubuta suna za ta karɓi irin wannan mara lafiyar da mutunci, wannan kam ina shakka.

A taƙaicen maki, aikin hannu da bayani na ba su tara cikin goma, tsafta bakwai (ruwa a bokiti yake, amma kayan aiki a gabanki ake ɓare su daga leda), sirri uku, tarbar baƙo kuma ya danganta da wadda kika tarar a kan tebur. Ki je da sassafe kafin masu awo su cika barandar, ki guji ranar rigakafi in ba kya son haɗuwa da rabin unguwa, sai dai in ita ce mafakarki. Ki tafi da canji, domin ba su da shi. Ki tambayi ko akwai abin da kike so a ƙasa kafin ki biya kuɗin gwaji. In ashana aka sa miki, ki tabbata an rubuta ranar cirewa a katinki, ki kuma ɗauki hoton katin a waya, sannan ki tambaya tun a ranar, nawa ne kuɗin cirewa da kuma wace sista ce ta iya, domin ba dukansu aka koya wa ba.