Zaman dare ko tafiya Tirmini?

Sababbin shiga ƙungiyarmu ta masu son tarihin yaƙi a Damagaram sun yi ta tambayata: zaman tuwon dare da malami baƙo, ko fita fagen fama na Tirmini, inda Damagaram ta yi yaƙi da Faransawa?

Zaman dare ba tsada, karo-karon tuwo da shayi ne. Kana kan tabarma a Birni ana ba ka labarin igwogin Sarkin Damagaram Tanimun, ka yi tambaya a amsa maka. Amma abin da kunne kaɗai ya ji yakan gushe.

Tirmini kuwa sai kuɗin mai, ga rana, ga ƙarangiya a ƙafar wando. Sai dai ranar da na tsaya inda dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka kara da Faransawa a 1899, jikina ya yi sanyi, har yau ban manta ba.

Dattijo da mai ƙaramin ƙarfi, zaman dare ya fi musu. Matashi mai ƙafa ya jira hunturu ya tafi Tirmini.